Ali Farka Touré: Manomin bakin Kwara da ya ajiye jita, duniya ta bi shi har gona

A ƙarshen shekarun 1990, wasu ma'aikatan kamfanin faifai daga Landan suka loda na'urorin ɗaukar sauti da janareta da dogayen wayoyi, suka nufi Niafunké, wani ƙaramin gari da ke bakin Kogin Kwara a arewacin ƙasar Mali.

Mutumin da suka je nema bai daɗe da lashe kyautar Grammy ba, wato lambar yabo mafi girma a harkar waƙa a Amurka. Manyan ɗakunan wasa na Turai suna jiran zuwansa, shi kuwa ya koma gonarsa ta shinkafa ya yi zamansa. Da kamfanin ya ga ba zai zo situdiyo ba, sai ya ɗauki situdiyon ya kai masa har gida.

Sunansa Ali Ibrahim Touré, amma duniya ta fi saninsa da Ali Farka Touré. Kundin waƙoƙin da aka samu daga wannan tafiya ya fito a 1999, kuma sunan garinsa ya raɗa masa. Shi ne dawowarsa fage bayan shekara biyar bai fitar da sabon aiki ba.

A al'adar kasuwar waƙa, wanda ya samu karɓuwa a Amurka yakan ƙara karkata salonsa zuwa abin da kunnen Amurkawa ke so. Ali Farka ya bi wata hanyar daban. Duk lokacin da sunansa ya ƙara nisa a duniya, sai kiɗansa ya ƙara matsowa gida.

Ruwa ɗaya da Yauri

Mutumin Yauri ko Ngaski ko Shanga ba baƙo ba ne ga duniyar da ta haifi wannan makaɗi, domin kogi ɗaya suke sha.

Kwara, wanda ake kuma kira Neja, yana tasowa daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Bamako da Mopti, ya wuce ta gaban Niafunké, ya bi ta kusa da Tumbutu, ya gangaro Gao da Yamai da Gaya, sannan ya shigo Jihar Kebbi ya zuba cikin Tafkin Kainji. Tsawonsa ya haura kilomita 4,000.

Masunta da manoman bakin tafkin sun san ruwa kan ƙaru sau biyu a shekara. Na farko shi ne na damina, mai laka. Na biyu yana isowa ne cikin hunturu, lokacin da babu ko ɗigon ruwan sama a ƙasar Hausa. Wannan na biyun ruwan daminar Gini ne da ya tsaya ya bazu a fadamun tsakiyar Mali, ya ajiye lakarsa a can, kafin ya ci gaba da tafiya. Ta gaban garin Ali Farka yake bi kafin ya iso Yelwa da Wara.

Mutane ma sun bi wannan hanya. Sarkawa, masuntan da suka yi suna a Kabi da Yauri, asalinsu yana komawa ga Sorko, masuntan ƙasar Songhai. Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, da Askiya na Songhai ya yi hulɗa kafin ya ɓalle a farkon ƙarni na 16. Harshen Shangawa kuma dangi ne na nesa ga Bambara, harshen da aka fi ji a Bamako.

Shi ya sa idan Bahaushe ya saurari faifan Ali Farka, ko bai ji kalma ɗaya ba, kunnensa kan kama wani abu da ya sani: ƙwarya da ake bugawa da yatsu, da kukan ƙaramin goge, da amshin da ke bin bayan jagora.

Yaron da aka kira jaki

An haife shi ranar 31 ga Oktoba, 1939, a ƙauyen Kanau da ke yankin Gourma-Rharous a lardin Tumbutu, lokacin Mali tana ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa.

Shi ne ɗa namiji na goma a wurin mahaifiyarsa, kuma shi kaɗai ne ya tsallake ƙuruciya. Sauran tara duk sun rasu suna jarirai. Iyayen da suka sha irin wannan rashi sukan ba yaro sunan da ba na ado ba, kamar yadda Hausawa ke kiran ɗan wabi Ajuji ko Bawa. Shi Farka aka kira shi, ma'ana jaki a harshen Songhai, dabba mai juriya da taurin kai. Laƙabin ya bi shi har kabari, kuma bai taɓa jin kunyarsa ba.

Danginsa Arma ne, zuriyar sojojin Maroko da suka ci daular Songhai da yaƙi a 1591, suka zauna a Tumbutu da kewayenta, suka yi aure cikin mutanen ƙasar. Mahaifinsa ya rasu tun yana jariri, daga baya iyalin suka koma Niafunké, kudu maso yammacin Tumbutu. Nan ya girma, nan kuma ya ɗauka gida har ƙarshen rayuwarsa.

Bai yi makarantar boko ba. Gona ya sani tun yana ƙarami, da ya tasa kuma ya taɓa kanikanci, ya yi tuƙin mota, har ya yi tuƙin jirgin ruwan da ke ɗaukar marasa lafiya a kan kogi. Wannan yawo ya sa ya iya harsunan arewacin Mali, wato Songhai da Fulatanci da harshen Abzinawa, ya haɗa da Bambara da Faransanci.

Kiɗa a gidan da ba a gada ba

A Mali, kamar a ƙasar Hausa, kiɗa sana'ar gado ce. Akwai gidajen maroƙa da aka sani, ɗan babban gida kuwa ba a son a gan shi da kayan kiɗa. Gidan su Ali ba gidan roƙo ba ne, don haka danginsa ba su yi maraba da abin da suka ga yana so ba.

Taurin kan da laƙabinsa ke nufi ya yi aiki a nan. Yana da kimanin shekara 12 ya haɗa wa kansa jurkel, wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ya yi kama da kuntigin Ɗan Maraya Jos. Daga nan ya koyi njarka, ƙaramin goge mai tsirkiya ɗaya, ɗan uwan kukuma. Ya kuma iya ngoni, wanda Bahaushe zai kira molo.

Inda ya fara jin waɗannan kayan kiɗa shi ne wuraren wasan iskokin ruwa da mutanen bakin kogi ke yi, al'adar da ta yi kama da bori. Kakarsa mace sananniya ce a wannan fage. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa yana ɗan shekara 13 wata lalura ta same shi bayan wani gamo da ya yi da dare, har aka kai shi yankin duwatsun Hombori ya yi kusan shekara ana masa magani. Ya girma Musulmi mai riƙo da sallah, amma bai ɓoye cewa daga waɗancan wurare ya ɗauko yawancin sautukan da ya gina kiɗansa a kai ba.

Rashin gadon roƙo ya zame masa wata dama. Bai zama makaɗin wani basarake ko attajiri ba, bai kuma dogara da wasa mutane don ya ci abinci ba. Waƙoƙinsa sun fi karkata ga noma, da ilimi, da lafiya, da zaman lafiya tsakanin ƙabilu, da soyayya, da kogi.

Yadda ya sadu da jita

A 1956 ya ga wasan Fodéba Keïta, mutumin Gini da ya kafa shahararriyar ƙungiyar raye-rayen nan ta Ballets Africains. Ganin yadda ake kaɗa waƙoƙin gargajiya da jitar Turawa ya tsaya masa a rai, ya ƙudura sai ya koya.

Ba shi da kuɗin saye, don haka da jitar aro ya fara. Bai je wurin wani malami ya koyi yadda Turawa ke riƙe ta ba. Abin da ya yi shi ne ya kwashe yadda yatsunsa ke tafiya a kan jurkel da ngoni ya ɗora a kan tsirkiyoyi shida. Babban yatsa yana riƙe da sautin ƙasa yana maimaitawa, manuni kuma yana zaro waƙar a sama. Yawancin kiɗan arewacin Mali a kan matakan sauti biyar yake tafiya, irin waɗanda ake ji a garaya da gurmi, kuma a kansu ya tsaya.

Bayan Mali ta samu 'yancin kai a 1960, gwamnatin Modibo Keïta ta kafa ƙungiyoyin al'adu a gundumomi, ana haɗa su gasa. Ali ya zama ɗaya daga cikin jagororin ƙungiyar gundumar Niafunké, mai mutum 117 da suka haɗa da mawaƙa da makaɗa da 'yan rawa. A nan ya koyi tsara waƙa ga jama'a da yawa, ya kuma fara suna a gasannin da ake yi a Mopti.

A 1968 aka zaɓe shi cikin waɗanda suka wakilci Mali a wani bikin ƙasa da ƙasa a Sofiya, babban birnin Bulgeriya. Ita ce fitarsa ta farko daga Afirka, kuma a can ya sayi jitarsa ta farko ta kansa, yana dab da shekara 30.

A wannan shekarar ce wani abokinsa ɗalibi a Bamako ya kunna masa faifan baƙaƙen fatar Amurka, irin su James Brown da Otis Redding da Albert King. Wanda ya fi taɓa shi shi ne John Lee Hooker, gwanin kiɗan blues. Ali ya ji kamar wani ɗan uwansa ne daga bakin kogi ke kaɗa abin da ya sani, sai dai harshen ya bambanta. Tun daga nan ya tsaya a kan ra'ayin cewa bayin da aka kwasa daga yammacin Afirka ne suka tafi da tushen wannan kiɗa, abin da ke Amurka reshe ne. Daga baya, da 'yan jaridar Turai suka riƙa kiransa John Lee Hooker na Afirka, laƙabin bai yi masa daɗi ba, domin a ganinsa an juya tarihi ne aka sa jika a gaban kaka.

Shekarun Rediyo Mali

A 1970 ya koma Bamako ya kama aiki a Rediyo Mali a matsayin mai kula da na'urorin sauti. Ya kuma yi kiɗa a ƙungiyar gidan rediyon har zuwa 1973 da aka rushe ta.

Aikin ya ba shi abin da makaɗan ƙauye ba su da shi, wato sanin yadda ake ɗaukar sauti da kyau. Ya riƙa ɗaukar waƙoƙinsa, daga shi sai jita sai mai ƙwarya ko mai ngoni, ana sa su a rediyo. Ya aika wasu zuwa Paris, inda aka buga masa jerin faifai daga tsakiyar shekarun 1970. Sunansa ya bazu a Mali da maƙwabtanta, amma ya sha kukan cewa abin da ya shigo aljihunsa bai taka kara ya karya ba.

A 1980 ya tattara ya koma Niafunké ya rungumi noma. Wannan ne karo na farko da ya juya wa harkar baya. Shekarun sun zo da wahala, domin farin da ya addabi yankin Sahel a 1973 ya sake dawowa a 1984, dabbobi suka mutu, mutane suka bar garuruwansu. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai ɗauki abinci da wasa ba, kuma hakan ya bayyana a duk shawarar da ya yanke daga baya.

Cigiya a gidan rediyo

Wani faifansa mai jan bango da aka buga a Faransa a 1984 ya faɗa hannun Andy Kershaw, mai gabatar da shirin kiɗa a rediyon BBC. Ya sa shi a shirinsa, masu sauraro suka fara tambayar ko wane ne wannan.

Anne Hunt ta kamfanin World Circuit da ke Landan ta tafi Bamako nemansa. Ba waya, ba adireshi, don haka aka ba da cigiyarsa a Rediyo Mali. Aka yi sa'a yana cikin birnin a lokacin, ya ji sanarwar ya zo da kansa.

A 1987 ya yi wasansa na farko a Birtaniya, ya kuma ɗauki kundinsa na farko da World Circuit. Daga nan dangantakarsa da Nick Gold, shugaban kamfanin, ta fara, ba ta yanke ba sai da mutuwa ta raba.

Salonsa ya fara buɗewa. A kundin The River na 1990 an ji shi tare da makaɗan gargajiyar Ireland na ƙungiyar The Chieftains. A The Source na 1992 ya zo da ƙungiyarsa mai suna Asco, ya ƙara amfani da jitar lantarki, ya kuma gayyato Taj Mahal, Ba'amurke makaɗin blues.

Sai babbar nasara. A 1993 ya shiga situdiyo a Los Angeles tare da Ry Cooder, fitaccen makaɗin jita na Amurka, suka gama ɗauka cikin 'yan kwanaki. Hamma Sankaré yana kan ƙwarya, Oumar Touré yana kan ganguna, ga kuma ƙwararrun Amurka irin su Jim Keltner da Clarence Gatemouth Brown. Kundin, mai suna Talking Timbuktu, ya fito a 1994, ya kuma ci Grammy a 1995.

A daidai lokacin arewacin Mali yana cikin tawayen Abzinawa da ya ɓarke a 1990, wanda aka rufe da bikin ƙona makamai a Tumbutu a watan Maris na 1996. Ƙabilun da suka zauna tare shekara da shekaru sun shiga zargin juna. Ali ya ci gaba da waƙa da harsunansu duka a faifai ɗaya, abin da mutanen yankin suka fahimci ma'anarsa fiye da masu sayen faifan a Turai.

Komawa gona da dawowa fage

Bayan Grammy ƙofofi sun buɗe, shi kuwa sai ya ja baya. Ya rage yawon ƙasashen waje ƙwarai, ya zuba kuɗin da ya samu a injunan ban ruwa da kayan noma, ya faɗaɗa gonakin shinkafa a bakin kogi. Yakan gabatar da kansa a matsayin manomi kafin makaɗi. Yana kuma ganin cewa idan ya daɗe nesa da ƙasar da waƙoƙin suka fito, kiɗan zai rasa ƙarfinsa.

Wannan ne ya sa Nick Gold da injiniyan sauti Jerry Boys suka yi waccan tafiya. Suka kafa na'urorinsu a wani tsohon gini da aka daina amfani da shi a gefen gari, suka ajiye janareta can nesa don kada ƙararsa ta shiga faifai. Ba su ne ke tsara lokaci ba, gona ce. Sai Ali ya gama abin da yake yi a can sannan a zauna ɗauka, yawanci da yamma ko da dare.

Wanda ya saurari Niafunké bayan Talking Timbuktu zai ji bambanci nan take. Babu baƙin taurari daga Amurka. Makaɗan mutanen gida ne, da ƙwarya, da njarka, da ganguna, da tafi, da amshin jama'a. Jitar lantarkin tana nan, amma ta fi kaushi, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da kayan gargajiya ba tare da ta danne su ba. Waƙoƙin suna magana ne da mutanen Mali a kan aiki, da ilimi, da adalci, da amanar shugabanci.

A wannan zama ne kuma aka ɗauki Alkibar, kundin farko na Afel Bocoum, ɗan Niafunké da ya bi Ali tun yana yaro. Maigidan ya yi amfani da zuwan baƙin ya buɗe wa yaronsa hanya.

Bayan ɗan yawon tallata kundin, ya sake komawa gona. Duniya ta ci gaba da biyo shi. A 2003 ya fito a fim ɗin Feel Like Going Home na Martin Scorsese, wanda ya bi sawun blues daga Mississippi zuwa Mali. A shekarar kuma ya yi wasa a bikin hamada na Essakane, inda Robert Plant, tsohon mawaƙin ƙungiyar rock ta Led Zeppelin, shi ma ya hau dandali.

Magajin gari da aikin ƙarshe

A 2004 mutanen Niafunké suka zaɓe shi magajin gari. Da kuɗin aljihunsa ya gyara hanyoyi, ya haƙa magudanun ruwa, ya riƙa sayen man janaretan da ke ba garin wuta.

A shekarar ce kuma sha'awar ɗaukar faifai ta dawo masa da ƙarfi. Aka kafa situdiyo a wani ɗaki na Otal Mandé da ke bakin kogi a Bamako. Toumani Diabaté, gwanin kora, wani abin kiɗa mai tsirkiya 21, ya zo don su yi waƙa ɗaya tare. Da suka fara sai abin ya ƙi tsayawa, cikin 'yan zama kaɗan ba tare da gwaji ba suka cika kundi guda. Haɗuwar ta zama abin magana a Mali, domin Toumani ɗan gidan maroƙan Mande ne na kudu, Ali kuma ɗan arewa ne da bai gaji kiɗa ba, kuma salon sassan biyu ya sha bamban. Kundin, In the Heart of the Moon, ya fito a 2005, ya kawo masa Grammy ta biyu a watan Fabrairun 2006.

A wannan otal ɗin ya ɗauki aikin da ya fi ba muhimmanci, wato Savane. A nan ya kai tafiyar da ya fara a Niafunké ƙarshenta. Ya tara makaɗan ngoni, ciki har da Bassekou Kouyaté da Mama Sissoko, ya sa su a tsakiyar kiɗan, ga njarka da sarewar Fulani. Baƙin da aka gayyato, irin su Pee Wee Ellis wanda ya yi wa James Brown busa, su ne suka bi sawun 'yan gida. Mutumin da ya ji James Brown a faifai a 1968, ga shi mabushin James Brown yana yi masa rakiya a kiɗan Songhai da na Fulani.

Duk wannan aiki yana yin sa ne da ciwon dajin ƙashi a jikinsa. A 2005 ya daure ya yi wasanni a Turai tare da Toumani, suka kuma sake shiga situdiyo a Landan.

Ranar 7 ga Maris, 2006, Ma'aikatar Al'adu ta Mali ta sanar da rasuwarsa a Bamako, yana da shekara 66. Gidajen rediyon ƙasar suka dakatar da shirye-shiryensu suka koma sa waƙoƙinsa. Aka kai gawarsa Niafunké aka binne shi a can.

Savane ya fito a watan Yulin wannan shekara. Ya riga ya saurari aikin da aka kammala ya amince da shi kafin ya cika. Abin da suka ɗauka a Landan kuma ya fito a 2010 da sunan Ali and Toumani, ya ci Grammy a 2011, ta uku ke nan da ke ɗauke da sunansa.

Abin da ya bari

Akwai wani abin mamaki a cikin gidansa. Mutumin da ya bijire wa danginsa don ya yi kiɗa, shi ne ya so ya hana ɗansa Vieux, wanda aka haifa a 1981, shiga harkar. Soja ya so ya zama, saboda ya san irin cutar da ake yi wa makaɗa. Yaron ya yi irin taurin kan ubansa. A ƙarshe uban ya sauko, har ya kaɗa jita a kundin farko na ɗan, yana cikin ciwon ajali. Vieux Farka Touré ya yi wasa a bikin buɗe gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, a 2022 kuma ya sake kaɗa waƙoƙin mahaifinsa tare da ƙungiyar Khruangbin ta Amurka a kundi mai suna Ali.

Garin da ya yi wa hidima bai tsira daga fitina ba. A 2012 ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai suka mamaye arewacin Mali, har da Niafunké, suka haramta kiɗa, makaɗa da yawa suka gudu Bamako. Har yanzu yankin bai samu cikakken kwanciyar hankali ba. Duk da haka waƙoƙinsa ba su ɓace ba, a 2023 ma an fitar da wasu da ba a taɓa ji ba a kundin Voyageur, inda muryar Oumou Sangaré ta fito tare da tasa.

Tarihinsa yana da abin faɗa wa matasan mawaƙan ƙasar Hausa, waɗanda yau kwamfuta ke haɗa musu kiɗa, gurmi da kukuma da kalangu kuma suna neman zama kayan tarihi. Ali Farka bai ƙi sabon abu ba. Ya riƙe jitar lantarki, ya yi aiki da na'ura, ya zauna da makaɗan ƙasashe da yawa. Amma abin da ya sa aka ba da cigiyarsa a rediyo, aka kuma bi shi da janareta har bakin gona, shi ne sautin da ya koya a kan tsirkiya ɗaya yana yaro, wanda ba a samunsa a Landan ko Los Angeles.

Irin wannan sauti yana nan a tsibiran Gungawa, da sansanonin Sarkawa, da wasannin Rigata na Yauri, a hannun dattawan da yawancinsu ba a taɓa ɗaukar kiɗansu ba.

Allah Ya jiƙan Ali Farka Touré, Ya gafarta masa.